Taron Bidiyo: A Yanka Riga Daidai da Mai Sawa

Tun watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantun ƙasar nan, wata sabuwar al'ada ta shigo aikin gwamnati. A watan Mayu na wannan shekarar Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta bidiyo, ma'aikatu da hukumomi suka bi sahu. Annoba ta wuce, al'adar ta zauna. A yau malami kan tashi da safe ya tarar da saƙo a zauren WhatsApp na makarantarsu: akwai bita ƙarfe goma, ga adireshin shiga, halarta wajibi ce.

Ba ni da ja da taron bidiyo. Duk wanda ya taɓa barin Toranke ko Kademi da asuba don ya riski taron awa biyu a birni, ya faɗa cunkoson Wudil ranar Juma'a, ya dawo gida bayan magariba da kuɗin motar da ba a biya shi ba, ya san darajar a ce ya zauna a ofishin shugaban makaranta ya saurari abin da za a faɗa. Malama mai goyo ta fi kowa sanin haka. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake zaɓen manhajar taro a ofis mai lantarki da kwamfuta sabuwa, ba tare da an tambayi irin wayar da ke aljihun malamin Gafasa ba, sannan idan manhaja da waya suka ƙi jituwa a rubuta cewa malami bai halarta ba. An bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya kira taro shi ya kamata ya ɗauki nauyin tabbatar da cewa ƙofar da ya buɗe tana shiguwa, kuma wannan magana ce da ta shafi ƙungiya kamar yadda albashi da ƙarin girma suka shafe ta.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa duk lokacin da taro ya ƙi shiguwa, sabis ne babu. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa sabis yana nan, manhajar ce ba ta san wayar ba. Kowace manhaja tana da mafi ƙarancin tsarin waya da take yarda ta hau, kuma kamfanonin suna ɗaga wannan mataki lokaci zuwa lokaci. A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da tsarinsu bai kai Android 5 ba. Daga baya ya janye daga ƙananan wayoyi masu madannai da ke aiki da tsarin KaiOS, irin waɗanda aka yi ta tallatawa ga masu ƙaramin ƙarfi a matsayin hanyar shiga intanet. Zoom kuwa tun ƙarshen 2022 ya ɗauki tsarin da duk bayan wata uku yake rufe ƙofa ga tsofaffin zubin manhajarsa, sai ka sabunta kafin ka shiga. Sabuntawar tana cin data, tana kuma neman fili a cikin waya. Wayoyin Itel da Tecno masu sauƙin kuɗi, waɗanda su ne a hannun akasarinmu, ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce. Idan aka ce malami ya ajiye Zoom saboda wannan hukuma, Teams saboda waccan ƙungiyar agaji, Google Meet saboda wani shiri na daban, sai ya goge hotunan 'ya'yansa kafin ya samu wuri. Ko ya samu, wayar na iya ɗaukar zafi ta riƙa tsayawa da zarar fuskoki ashirin sun bayyana a kanta.

Me ya sa sai an ajiye uku? A nan ne ainihin matsalar take. Mai layin MTN yana kiran mai layin Glo ko Airtel ba tare da ya yi tunani ba, domin Dokar Sadarwa ta 2003 ta wajabta wa kamfanonin waya su haɗa layukansu, kuma Hukumar NCC tana sa ido a kan haka. Tun 2013 ma mutum yana iya ƙaura da lambarsa daga wannan kamfani zuwa wancan. Haka wasiƙar imel take: daga Gmail zuwa Yahoo ba shamaki. Manhajojin bidiyo ba haka aka gina su ba. Mai Zoom a wayarsa ba zai iya shiga taron Teams da ita ba, mai WhatsApp ba zai kira mai Meet ba. Kowane kamfani ya kewaye gonarsa da shinge, domin ribarsa tana cikin riƙe mutane a ciki.

Ba wai fasahar haɗa su ce ta gagara ba. Tun 1996 Hukumar Sadarwa ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ake kira H.323 don na'urorin taron bidiyo na kamfanoni daban-daban su fahimci juna, a 1999 aka samu wata mai suna SIP, a 2021 kuma aka tabbatar da WebRTC, wadda ke ba da damar yin taro kai tsaye a cikin manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome ba tare da an sauke komai ba. Manyan kamfanonin sun ma yarda na'urorinsu na ɗakunan taro, masu tsadar gaske, su riƙa shiga tarukan juna. Wato jituwar tana nan ga bankuna da manyan ofisoshin Abuja da Legas, mai ƙaramar waya ne aka bari a waje. Tarayyar Turai ta ga haka ta yi doka da ta tilasta wa WhatsApp buɗe ƙofa ga sauran manhajojin saƙo a ƙasashenta, ta kuma wajabta bakin caja iri ɗaya, USB-C, ga sabbin wayoyi daga ƙarshen Disamba 2024. Mu ba mu da ƙarfin da za mu tanƙwara kamfanin Amurka. Amma muna da bakin da za mu gaya wa wanda ya kira mu taro cewa ya zaɓi abin da zai yi mana aiki.

Akwai kuma darasi a abin da ya faru da Skype. Shekara fiye da ashirin ana amfani da shi, har ya zama shi ne sunan kiran bidiyo a bakin mutane da yawa, amma a watan Mayu na 2025 Microsoft ya rufe shi. Hukumar da ta ɗora duk horon malamanta a kan manhaja guda ta gina ɗaki ne a filin aro.

Sai batun kuɗi, wanda ba a cika son a yi shi a gaban manya ba. Bisa ƙiyasin da Zoom da kansa ya wallafa, bidiyo mafi sauƙi yana bukatar wajen kilobit 600 a kowace daƙiƙa. Malaman lissafi su buga: awa guda ta kama megabayit 270 a karɓa kawai, idan ka kunna kamararka kana aikawa kuma, ya haura rabin gig. Bitar awa uku ta haura gig ɗaya da rabi. Murya zalla kuwa kilobit 60 zuwa 80 take bukata, kusan kashi ɗaya cikin goma. A watan Janairu na 2025 NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari, alhali mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne. A da, idan aka kira bita a birni, akwai kuɗin mota da na abinci a kasafin mai shiryawa, ko da biyan kan yi jinkiri. Da aka koma bidiyo sai wannan layi ya ɓace daga kasafi, kuɗin ya koma kan malami ta hanyar data da kuɗin caji a shagon mai janareta. Sauƙin da ake yabon taron bidiyo da shi gaskiya ne, sai dai a tambaya wa ya samu sauƙin. Kuma abin takaici, mafi yawan waɗannan taruka mutum ɗaya ne ke magana yana nuna rubutu. Me ya hana a aiko da rubutun tun jiya, a yi taron da murya?

Wasu za su ce mafita ita ce a tara malamai a makaranta ɗaya a haska musu a bango. Shawara ce mai kyau, ni ma ita nake goyon baya, amma ita ma tana da nata tarkon. Majigin da ke kulle a sito a makarantu da dama tsohon yayi ne mai bakin VGA, wanda hoto kawai yake ɗauka ban da murya, kwamfutocin yanzu kuwa da HDMI ko USB-C suke zuwa. Wayar haɗin da ba ta taka kara ta karya ba tana iya tsayar da taron mutum hamsin. Akasarin wayoyi masu araha kuma ba sa fitar da hoto ta bakin cajarsu ko da an samu wayar haɗin. Idan aka rasa yadda za a yi, kowa ya kunna tasa a ɗaki ɗaya, sai makirufon wannan ya kama muryar lasifikar wancan, ɗaki ya cika da ƙara da amsa-kuwwa har a rasa mai jin wani. Maganin wannan sananne ne: na'ura ɗaya, lasifika ɗaya, sauran duk a kashe. Amma sai an gwada tun kafin ranar, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai kawo wa makaranta gudummawar kayan zamani, gwamnati ce ko ɗan siyasa ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ya dace a roƙe shi ya kawo su a haɗe, a kunna a gabansa, da sola ko batirin da zai riƙe su. Tarihi ya ce maƙeran Gaya ne suka je Dala neman tama har Kano ta kafu. Jikokinsu sun san ba a ƙera ruwan fartanya sai an dubi ƙotar da zai shiga.

Na san amsar da za a ba ni: zamani ya canza, malami ya sayi waya mai kyau, ai jarrabawar TRCN ma da kwamfuta ake yin ta. Haka ne, kuma ba na kare malamin da ya ƙi koyo. Amma jarrabawar TRCN a cibiya ake yin ta, da kwamfutar da aka tanada, ba a ce kowa ya zo da tasa ba. Allo da alli ma ba malami ke saye ba, ko kuwa bai kamata a ce shi ke saye ba. Idan waya ta zama kayan aiki, to ta shiga lissafin mai ba da aiki. Akwai kuma gidajen da waya babba guda ce tak, maigida ya fita da ita kasuwa, malama tana makaranta da ƙarama mai tocila. Ba za a gane wannan daga ofis ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta horar da ɗimbin malamai daga nesa da littattafai da cibiyoyin karatu na ƙarshen mako, tun kafin a san intanet, saboda ta fara da tambayar abin da malamin ƙauye yake iya kaiwa gare shi.

Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, kuma horar da malamai yana cikin abin da ake sa rai. Tunda haka ne, yanzu ne lokacin da reshenmu zai kai wa sakatarorin ilimi na Gaya da Ajingi, ta hannunsu kuma zuwa SUBEB da ma'aikatar ilimi, bukata a rubuce. Kada a ba malami takardar tuhuma, ko a cire sunansa daga jerin masu takardar shaida, saboda taron bidiyo ya ƙi shiguwa, matuƙar ya sanar da shugaban makarantarsa a ranar. Wannan ita ce babba, domin takardun shaidar bita suna shiga fayil, fayil kuma shi ake buɗewa ranar ƙarin girma. Bayan ita, a sanar da manhajar da za a yi amfani da ita kwanaki kafin taro, a tsaya a kan guda ɗaya maimakon kowane shiri ya zo da tasa, a bar mutane su kashe kamara, a kuma naɗi muryar taron a aiko da ita tare da rubutun, yadda wanda sabis ya yanke masa a Kunkurawa zai saurara da dare. Inda halarta ta zama dole, a mayar da kuɗin motar da aka daina biya ya zama kuɗin data.

Mu ma a cikin gida sai mu duba kanmu. Kiran WhatsApp mutum 32 yake ɗauka, Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, Meet na kyauta bayan awa guda idan mutane sun kai uku. Idan shugabannin ƙungiya suka yanke shawara a taron da rabin wakilan makarantu suka kasa shiga, ba za a ce an yi shawara da su ba, ko da an rubuta cewa an gayyaci kowa. Ƙaramar waya mai madannai tana iya haɗa mutum biyar a kira ɗaya ba tare da data ba; ga kwamitin mutum shida wannan ya wadatar, kuma ba wanda za a bari a baya.

Kafin mu kai kowace takarda, muna bukatar alƙaluma namu na kanmu, domin ba a zuwa gaban hukuma da "an ce". Ina ba da shawara wakilin kowace makaranta, daga Shagogo zuwa Balare, ya zo taron reshe mai zuwa da takarda guda: malamai nawa ne a makarantarsu, nawa ke da babbar waya tasu ta kansu, wane zubin Android ne a kanta, wane layi ne ke kamawa a harabar makarantar, kuma akwai majigi ko babu, in akwai wane irin baki gare shi. Ba a bukatar sunan kowa. Aikin bai fi na hutun tara ɗaya ba.