Kafin ka zauna a gaban masu ɗaukar aikin banki

Duk lokacin da 'yan bautar ƙasa suka karɓi takardar sallama, sai saƙonnin iyaye da yayye su fara shigo mini: yaro ya gama Bayero ko ABU Zariya, ya karanta akanta ko tattalin arziki, ga banki ya kira shi intabiyu, yaya za a yi? Wata uwa a unguwarmu tun kafin a sa rana ta biya kuɗin kwat da takalmi. Allah ya saka mata, shiga mai kyau tana da amfani. Sai dai abin da ke kayar da yaranmu yana can cikin ɗakin, bayan an ce "bismillah, zauna".

Da yawansu suna cin jarrabawar farko ta lissafi da Turanci ba tare da wahala ba. A ganawar baki ake rasa su. Mun tarbiyyantar da su a kan cewa yaro ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya ɗaga murya, kuma yabon kai jahilci ne. Tarbiyya ce mai daraja, ban yarda a zubar da ita saboda albashi ba. Amma wanda ke yi maka tambaya wataƙila daga Legas ya zo, sunkuyar da kanka a wurinsa alamar rashin sani ce. Ɗago kai, ɗana, ka yi magana yadda na ƙarshen tebur zai ji ka.

Kuma babu wanda ya ce ka yabi kanka. Labarin aikin da ka taɓa yi ake nema, wannan kuwa shaida ce. Idan ka riƙe ma'ajin ƙungiyar ɗalibai, faɗi mutum nawa ne, nawa ake tarawa, yaya kake rubuta shiga da fita, me ka yi ranar da lissafi ya ƙi daidaita. 'Yata, idan ke ce ke riƙe wa mahaifiyarki littafin adashi, ko kin zauna a rumfar POS lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, kin san abin da ake kira amana da fushin abokin ciniki fiye da wanda ya haddace su a littafi. Wanda ya tashi a shagon babansa a Kantin Kwari ko Dawanau ya san wa ake ba kaya bashi, wa ake hanawa, da dalili. Aikin sashen ba da rance ke nan. Abin da ke ba ni ciwo shi ne yaranmu suna ɓoye waɗannan, suna ganin ba su isa a ambata a gaban masu kwat ba, alhali bankunan suna neman wanda zai shiga kasuwa ya yi wa ɗan kasuwa bayani da harshen da yake ji.

Sai sanin halin da harkar take ciki. A watan Maris na 2024 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Olayemi Cardoso, ya umarci bankuna su ƙara jari: naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na ƙasa baki ɗaya, biliyan 50 ga na yanki. Mai shiri ya san an yi irin wannan a zamanin Charles Soludo, lokacin da sharaɗin biliyan 25 ya mayar da bankuna 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005. Ya san kuma cewa a 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya a bankunan kasuwanci daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5, shekarar da aka soke lasisin bankin Heritage. Haddace alƙaluman ba zai wadatar ba. Za a iya tambayarka me ya sa Babban Banki ke ɗaga kuɗin ruwa idan farashi na hauhawa, da yadda hakan ke shafar mai injin casar shinkafa da ke neman rance. Gwada yi wa kakarka wannan bayani da Hausa. In ta gane, Turancin zai zo da sauƙi.

Akwai maganar da ya kamata a gama ta a gida tun kafin a tura takardar neman aiki, wato riba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da bankin da ke cin kuɗin ruwa ba, ya tambayi malamansa ya yanke shawara, kada ya je yana inda-inda a gaban kwamiti. Yau akwai zaɓi na bankunan Musulunci: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, ga kamfanonin takaful. To amma a can ma kasancewarka Musulmi ba zai ci maka intabiyu ba. Dole ka iya bambanta murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da ƙarin da aka bayyana ka biya a hankali, da mudaraba, inda wani ya kawo jari wani ya kawo aiki a raba abin da aka samu, da ijara, wadda haya ce. Ka san cewa Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Kunya ce babba ɗan Kano ko Sakkwato ya rasa wannan amsa.

Idan tambaya ta fi ƙarfinka, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka bi ka gano. Mutanen nan dukiyar jama'a za su damƙa maka, suna lura da wanda ke ƙirƙirar amsa. Haka batun rage shekaru don shiga ƙa'idar da bankuna ke gindayawa: ranar haihuwarka tana jikin BVN da NIN ɗinka, dubawa ɗaya ta isa.

Idan aka ce "kana da tambaya?", kada ka ce babu. Tambayi ko ma'aikacin banki ne kai tsaye za ka zama ko na kwantiragi ta hannun wani kamfani, da adadin ajiyar da za a ɗora maka ka nemo a wata. Matasa da yawa sai bayan sun sa hannu suke sanin bambancin.

Kirana na ga sassan akanta da harkar banki na jami'o'inmu: suna da tsofaffin ɗalibai a kusan kowane reshe a Kano, Kaduna da Abuja. A gayyato uku ranar Asabar ɗaya a zango, a jera kujeru, a zaunar da 'yan ajin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, minti goma sha biyar kowa, a gaya masa inda ya yi rauni tun yana da lokacin gyarawa.