Gyara Kayanka: Buzun da Ya Daɗe a Akwati

A wannan wata filinmu zai yi magana a kan buzu. Da wuya ka shiga tsohon gida a zangon Kumasi, ko Nima, ko Tamale, ka rasa buzun wani dattijo da aka naɗe aka jefa akwati bayan rasuwarsa. Wani ma da shi kakan gidan ya zo daga Kano ko Sakkwato, a kansa ya yi salla ya karantar da almajirai. Ranar da aka buɗe akwatin sai a tarar ya ƙandare, gashi na zuba, ga warin fumfuna. Sai a ce tsufa ne, alhali kuwa yawanci mugun ajiya ne.

Ƙasar nan ba kamar Arewa ba ce. A Kumasi damina biyu ake yi a shekara, kuma da zarar laimar iska ta haura kashi 65 cikin 100, fumfuna ta sami wurin zama. Ga kuma asu, wanda tsutsarsa ke cin gashi a cikin duhu inda ba mai motsa shi. Saboda haka buzun da ake shimfiɗawa kullum ya fi na akwati tsawon rai.

To, in ka fito da naka, fara gwada shi. Ja gashin a hankali. In ya tuge da yawa, wannan wurin ya riga ya tafi, ba maganin da zai mayar da shi. Sa'an nan lanƙwasa gefe kaɗan. In ya yage kamar takarda, kada ka wahalar da shi, sai dai a ɗinka masa yadi a baya a ajiye don tunawa. Amma in tauri kawai ya yi, akwai gyara.

Shanya shi a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada ka sa shi a rana tsaka ko kusa da murhu, domin zafi na sa fata ta takure, kuma in ta takure ba ta komawa. Kakkaɓe fumfunar a waje, ka rufe hancinka da ƙyalle. Kada ka jiƙa shi a baho da sabulu, musamman in jimar alif ce, wadda wasu ke kira alam, don ruwa na wanke ta. Gashin kuwa, a zuba masa busasshiyar dusa, a murza, a karkaɗe, a taje. Dusar za ta kwashe maiƙo da dauɗa.

Wajen laushi, goga wa bayan fatar jiƙaƙƙen tsumma har ta ɗan saki. Ka shafa mai kaɗan, irin su man kaɗe, a bayan kawai, ban da gashi. Bar shi ya kwana, kashegari ka riƙa ja kana murzawa a kan bakin turmi ko sandar da ba ta da kaifi, har ya bushe a hannunka. Mai in ya yi yawa yakan yi ɗanko ya jawo ƙwari. Sannu ba ta hana zuwa.

In ka ga ɓurɓushi ko 'yan ramuka, asu ya shiga. Masu gidajen adana kayan tarihi sukan ƙulle irin wannan a leda, su sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri har mako 1, sa'an nan su bar shi kwana 1 a waje kafin su kwance. Mai firiza a gida na iya yin haka, muddin wuta ba ta ɗaukewa. Game da ƙwayoyin kafur da ake jefawa akwati, a yi hattara. Suna fasa jinin wasu yara, har Tarayyar Turai ta hana sayar da masu sinadarin naftalin a 2008.

Wajen ajiya, naɗe shi za a yi, kada a ninka, a sa cikin farin yadin auduga. Leda ta firiza ce kaɗai, in an bar shi ciki gumi zai yi. A ɗora shi sama, nesa da ƙasa da bango. Akwatin ƙarfe mai tsatsa ma bai dace ba, domin ƙarfe in ya haɗu da jimar bagaruwa da laima baƙi yake yi. Da irin wannan haɗin ne dukawa ke samun baƙin rini. A riƙa fito da shi yana shan iska kowane wata, balle da damina. In aikin ya fi ƙarfinka, majeman zangon Tamale da irinsu sun san kansa.

Magidanta, kafin damina ta kankama a buɗe akwatunan nan. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.