Fargaba Ba Ta Buƙatar Aron Suna Daga Ingila

Duk mai mu'amala da matasanmu a Sakkwato, musamman lokacin jarrabawa, ya san yadda kalmar Turanci ta "nervous" ta samu gindin zama a bakinsu. Wannan ya sa na ga dacewar mu tsaya mu dubi kalmar da idon basira.

Asalinta daga Latin ne, wato "nervus", ma'ana jijiya. Abin mamaki, da can idan Bature ya siffanta mutum da ita yabo ne, yana nufin ƙaƙƙarfa mai cikar jijiya. Sai a ƙarni na 18, da likitocin Ingila suka riƙa danganta rawar jiki da rashin natsuwa ga jijiyoyi, ma'anar ta juya ta koma ta mai tsoro.

Bahaushe kuwa a ƙirji ya aje wannan hali, shi ya sa ya ce faɗuwar gaba, wadda ta taƙaitu ta zama fargaba. Bai tsaya nan ba. Yana da zullumi, na abin da ake jira. Yana da firgita, ta abin da ya faɗo bagatatan. Yana da ɗar-ɗar, na zaman da ba tabbas. Kowace da muhallinta.

Wani zai ce ai aro ba laifi ba ne, tun da mun ari mota da asibiti. Gaskiya ne, amma wanda ba shi da riga ke aron riga. Mai aron kalma ɗaya ya zubar da huɗu, asara ya tafka.

Lamarin ya wuce ado. A shekarar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga, mutanen Isa da Sabon Birni zaman ɗar-ɗar suka yi, 'yan uwansu na birni kuma suka kwana cikin zullumi. Ɗan jaridar da ya kasa bambance waɗannan bai isar da kukansu ba. Haka likitan da dattijuwa za ta ce wa gabanta na faɗuwa, wajibi ne ya gane nufinta.

Don haka ina kira ga malaman Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ma'aikatan gidan Rediyon Rima da su dage wajen raya waɗannan kalmomi a aji da kan iska. Iyaye kuma su fara daga gida.

Allah Ya yaye mana fargaba, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.