Da Me Aka San Ka a Makarantar Nan?

Buɗe WhatsApp ɗinka yanzu ka leƙa sitatus na 'yan ajinku. Za ka tarar da wanda ranar Litinin yake tallar data, Talata turaren wuta, Laraba takalma, Alhamis kuma ya zama malamin kirifto. A ƙasan sunansa an rubuta CEO. Ban raina neman na kai ba, ai duk mun san yadda kuɗin makaranta da na abinci suke ci mana tuwo a ƙwarya. Amma ra'ayina shi ne, mai tallar komai ba a tuna shi da komai, kuma ɗalibin foli shi ya fi kowa asara idan ya bi wannan hanya.

Dalili kuwa, kan mutum ba ya riƙe abu da yawa game da kai. Abu ɗaya yake ajiyewa kusa da sunanka. Kasuwanninmu sun daɗe da gane haka. A Kano, mai neman atamfa Kantin Kwari yake nufa, mai neman hatsi Dawanau, mai neman waya Farm Centre. A Kaduna, in ana maganar walda da ƙere-ƙere, Panteka ce ke faɗo wa mutum a rai. Ba wanda ya kafa doka a kan haka. Shekara da shekaru ana samun abu ɗaya a wuri ɗaya, har sunan wurin ya zama sunan kayan.

Manyan kamfanoni ma haka suke yi. A 1959 injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro bel ɗin mota mai maɗauri uku da muke ɗaurawa yau, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi kyauta. Tun daga nan tallar Volvo take ta nanata magana ɗaya, wato kare ran wanda ke cikin mota, har aka san ta da hakan a duniya. Lura da tsarin: aikin ne ya fara zuwa, sannan maganar ta biyo baya, aka kuma yi ta maimaita ta ba gajiya.

To mu fa? Muna da abin da ɗan kasuwar sitatus na gari ba shi da shi: bita, ɗakin gwaji, malamai, da SIWES. Ɗauki ɗan sashen lantarki da ya zaɓi aikin sola. Maimakon ya rubuta "muna haɗa sola, a tuntuɓe mu", sai ya bayyana wa mutane cewa batir mai 12V da 200Ah yana ɗauke da kusan 2,400Wh, amma in irin mai ruwa ne, ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, don haka kusan 1,200Wh ne naka. Mako mai zuwa ya yi bayanin abin da ya sa dutsen guga ke kashe ƙaramar inbata. Na gaba ya nuna hoton aikin da ya yi da hannunsa. In ya jure haka zango biyu, ranar da kawun wani zai sa sola a shago, wa kake jin za a kira?

Haka 'yar sashen abinci da ta tsaya kan kek kaɗai, ko ɗan kwamfuta da ya tsaya kan gyaran laftof. Zaɓi abu ɗaya da za ka iya faɗa a jimla guda. Riƙe suna ɗaya da lamba ɗaya a WhatsApp da Facebook da TikTok. Ware ranakun da za ka riƙa magana, ko sau biyu ne a mako, ka kuma cika. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka wanda ya yi magana sau ɗaya ya yi shiru wata guda, kamar bai yi ba ne.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, yau nake bukatar kuɗin cefane, ba baɗi ba." Gaskiya ne, kuma ban ce ka mayar da cinikin da ya zo maka ba. In 'yar ɗakinku na son hijabi kuma kina da hanya, sayar mata. Abin da nake cewa, fuskar da kake nuna wa jama'a ta zama ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa. Wasu kuma na tsoron kada mutane su gaji da jin abu ɗaya. Ai kai ne kake ganin duk abin da ka saka. Yawancinsu ba duka suke gani ba.

Sai dai a yi hattara. Nanata magana ba ya mayar da ƙarya gaskiya. Wanda ya kira kansa ƙwararre alhali bai iya riƙe mita ba, aiki ɗaya zai tona shi, kuma a makaranta labari ba ya kwana. Faɗi iya abin da ka iya, wanda ya fi ƙarfinka ka tura wa na gaba da kai. Wannan ma yana ƙara maka ƙima.

Shekara biyu ce ND, shekara biyu HND. Ɗaruruwan da muke zama da su a aji da hostal za su watsu zuwa jihohi da ma'aikatu, kowa da lambarka a wayarsa. Takardar shaida dai iri ɗaya za a ba mu duka. Abin da zai bambanta mu shi ne kalmar da za ta zo musu a rai in sun ga sunanmu. Zaɓi taka tun wannan zangon, kafin wasu su zaɓa maka.