SHIN MASARA TA FI ƊAN TALAKA DARAJA NE?

Ya kai ɗan uwa, kafin ka naɗe wannan jarida ka cusa aljihu, tuna yaron nan na unguwarku. Shekararsa shida ko bakwai, baki bai buɗe ba. A kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali ba kurma ba ne. Yini yake yi yana jera murafun kwalba, injin niƙa na tashi sai ya toshe kunne ya kama ihu. Wasu su ce aljanu ne, wasu su ce kishiya ce ta yi masa sammu, ku kuma samari ku ce masa dolo. Likitoci suna kiran wannan lalura otizim, a rediyo kuma akan ce galahanga.

Ba yau aka san ta ba. Tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta bayan ya duba yara 11. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Daga ginuwar ƙwaƙwalwa take, gado na da hannu babba a ciki. Ba sakacin uwa ba ne, ba kuma allurar rigakafi ba ce: rahoton da ya yaɗa wannan ƙarya a Ingila a 1998 an janye shi a 2010. Babu ƙwayar da ke cire ta, amma idan aka fara koyar da yaro da wuri, da haƙuri da hotuna da ishara, da yawa sukan iya bayyana buƙatarsu, wasu har su yi karatu mai zurfi.

To ina wannan ilimi yake? Ga shi nan a Samaru! Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, daga Bomo ko a ƙafa ka je. Amma ilimin na cikin Turanci, yana bayan katanga. Uwar da ke Bomo ko Hayin Dogo, wadda ta sayar da akuyarta ta kai wa ɗan tsibbu, da ita da wannan ilimi kamar sama da ƙasa.

Kada wani ɗan boko ya ce mana ba a iya kai ilimi ƙauye. A Samarun nan aka shafe shekaru ana buga wa manoma takardu da Hausa, malaman gona na bin su har kan kunya. Tsutsa ta kama masara, nan da nan bayani ya iso. A Zariyan nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ashe an iya! Masara ce ake ganin tana kawo kuɗi, ɗan raunana kuwa ko oho.

Mahukunta za su ce ai an sa hannu a dokar hana wariya ga masu nakasa a 2019. Mun ji. A wannan shekarar ce kuma aka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa. Iyayen da aka bari cikin duhu, duk ƙofar da aka nuna musu ita za su bi.

Abin da muke nema bai kai kuɗin tayar motar kwamishina ba. Ɗakin karatun jama'a na Samaru da hukumar ɗakunan karatu ta Jihar Kaduna su ware kanta guda ta bayanin wannan lalura da Hausa, boko da ajami, da murya a waya domin wadda ba ta karatu. A keɓe lokacin da yaron zai shiga ba mai harararsa in ya yi ƙara. Sau ɗaya a wata a gayyato likita daga asibitin koyarwa na Shika ya zauna da iyaye mata.

Mu ma ba mu kuɓuta ba. Saboda makaho ɗaya, Abdullahi bin Ummi Maktum, aka saukar da farkon Suratu Abasa, amma ga mu muna ƙorafin zaluncin manya, a layinmu kuma ana jifan yaro muna dariya. Cikin masu riƙe da jaridar nan akwai ɗaliban likitanci da na ilimin ɗakin karatu. Ku ke da katin shiga. Ku fassara shafi biyu, ku ba likita ya duba, ku karanta shi a Islamiyyar matan aure ta Bomo kafin Juma'a mai zuwa.