Kumbon Sama Jannati Bai San Ƙ Ba

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin Hausa da harsunan kwamfuta? Ni ma haka na ɗauka, sai ranar da wani abokina mai karatun kwamfuta ya taimake ni jera kalmomin da na tattara domin aikin ƙamus. Da sakamako ya fito, sai ga “ƙasa” da “ɗaki” da “ɓera” sun koma can ƙarshe, bayan “zuma”. Abin da ya sa na shiga bin diddigin yadda na'ura ke kwatanta abu biyu ke nan.

Yawancin harsunan rubuta manhaja suna da alamomin kwatanci guda shida: ya fi, ya gaza, daidai ne, ba daidai ba ne, ya fi ko ya kai, ya gaza ko ya kai. Kowacce amsarta e ko a'a ce kawai. Amma mai jera kalmomi amsa uku yake bukata a tambaya ɗaya: wannan na gaba ne, na baya ne, ko kuwa matsayinsu ɗaya? Saboda haka ne harshen PHP ya ƙara sabuwar alama a fitowarsa ta 7, a shekarar 2015. Ana rubuta ta haka: <=>, kuma masu sana'ar suna kiranta kumbon sama jannati saboda siffarta. Idan na hagu ya gaza, takan ba da -1. Idan sun yi daidai, 0. Idan ya fi, 1. Harsunan Perl da Ruby sun daɗe da ita, sannan C++ ya karɓe ta a ƙa'idarsa ta 2020.

Akwai masu ganin cewa ƙara alama ƙarin nauyi ne ga mai koyo, tunda abin da take yi ana iya yin sa da tsofaffin alamomi. Maganarsu tana da tushe. Harshen Python ma, a fitowarsa ta 3 a 2008, rage kaya ya yi: ya watsar da alamar <> wadda ke maimaita aikin wata, ya kuma cire umarnin cmp. A nawa ra'ayi, ma'aunin ɗaya ne da wanda malamanmu ke koya mana kan ƙirƙirar kalma: sabuwar kalma tana samun gindin zama ne idan ta ɗauke wa mai magana dogon bayani. Wannan alama ta cika sharaɗin, domin layi uku ko huɗu sun koma ɗaya, kuma wuraren yin kuskure sun ragu. Bahaushe ma ai da fi'ilai uku yake wannan aiki: Audu ya fi Bala, ya kai Bala, ko ya kasa Bala.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Alamar ba ta san abacada ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode lambar k 107 ce, ta z 122, ta ƙ kuwa 409. Don haka ko da sabuwar alama aka yi kwatancin a PHP, ƙ za ta ci gaba da zama a bayan z. An sauƙaƙa tambayar, amsar kuwa tana nan yadda take. Maganin yana wani wuri: ma'ajiyar bayanan harsuna ta Unicode mai suna CLDR tana da tsarin jerin Hausa, inda ɓ ke bin b, ɗ ke bin d, ƙ ke bin k, kuma ana iya kiransa a PHP ta hanyar Collator. Sai dai mai rubuta manhaja ba zai neme shi ba idan bai san akwai matsala ba. Abokina bai sani ba, domin a idonsa k da ƙ harafi ɗaya ne mai ɗan ado. Sai da na nuna masa bambancin “kafa” da “ƙafa” sannan ya gane.

Saboda haka ina goyon bayan ƙara irin wannan alama, amma kirana ga 'yan uwana ɗalibai shi ne kada mu bar wa masu kwamfuta aikin su kaɗai. Duk wanda zai ba da kalmominsa a jera masa, ya zauna da mai rubuta manhajar, ya rubuta masa jerin baƙaƙen Hausa, ya kuma duba sakamakon da idonsa kafin ya kai wa malami. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.