Ra'ayinmu: Hadarin New York, ruwa a kasuwar Maraɗi

Kowane ƙarshen wata, gidajen rediyon waje kan karanto lissafin kasuwannin hannun jari na New York, London da Tokyo: wannan ta hau, waccan ta faɗi. Da yawa daga cikinmu suna ɗaukar abin tamkar cacar Turawa wadda ba ta shafe mu ba. Wannan sakaci ne mai tsada.

Mu dubi watan Satumba na 2022. A wannan wata kaɗai, ma'aunin S&P 500, mai auna darajar manyan kamfanonin Amurka, ya faɗi da fiye da kashi 9 cikin 100. Ruwa ba ya tsami banza. Tsadar rayuwa a Amurka ta kai kashi 9,1 cikin 100 a watan Yuni, abin da ba a gani ba shekara 40. Domin ya tare ta, Babban Bankin ƙasar ya yi ta ƙara kuɗin ruwa. Ranar 21 ga Satumba ya ƙara kashi 0,75, karo na uku a jere. In bashi ya yi tsada, ribar kamfanoni na raguwa. Masu kuɗi sai su sayar da hannun jari, su ruga ga takardun bashin gwamnatin Amurka, waɗanda da dalar Amurka ake sayensu.

Nan ne abin ya iso ƙofarmu. Dalar Amurka ta yi ƙarfi har ta zarce yuro, ita kuwa sefa an ɗaure ta ga yuro a kan faran 655,957. Duk inda yuro ya gangara, tare muke gangarawa. Dalar da take wajen faran 540 a farkon 2021 ta kai wajen 680 a ƙarshen Satumban 2022. Alhajin da ya yi odar kayan dala 10.000 daga Dubai ko Sin, wanda a da miliyan 5 da jika 400 ke isarsa, sai da ya nemo miliyan 6 da jika 800. Bambancin kuwa a kan mai saye ya sauka, har da ma'aikacin da albashinsa bai motsa ba.

A watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa a Dakar, kowa ya ji sanarwa. Irin wannan karyewa ta 2022 kuwa shiru take zuwa, ba taron shugabanni, ba shela.

Saboda haka muna kira ga Ministan kuɗi da Majalisar ƴan kasuwa: su riƙa bayyana wa jama'a, kowane wata, da Hausa da Zabarmanci, inda kuɗin ruwan Amurka da canjin dala suka dosa. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma su shiga tattaunawar albashi da waɗannan alƙaluma a hannu. Ɗan kasuwa kuma, kafin ya ci bashin banki ya yi oda, ya tambayi canji tukuna. Wanda ya ga hadari tun daga gabas, shi ke kwashe shanyarsa a bushe.